Kiredit Biyar da Mutumin Kirki: Wane Buri Muke Ɗora wa Ɗalibin Sakandare?

A kusan kowace makarantar sakandare ta ƙasar nan akwai buri iri biyu. Akwai wanda aka rubuta da fenti a jikin katanga kusa da ƙofar shiga, inda makaranta ke alkawarin yaye ɗalibai masu ilimi da tarbiyya da kishin ƙasa. Akwai kuma wanda ba a rubuta ko'ina ba, amma kowa ya san shi tun daga shugaban makaranta har mai gadi: kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya in da hali, a zama biyu in ta kama. Na biyun nan shi ne mai iko. Shi ke raba darussa, ya ba wani safiya lokacin da kai ke sanyi, ya tura wani bayan an dawo tara. Shi ke sa uba ya sayar da tunkiya ya biya kuɗin rajista. Da shi kuma ake auna makaranta ranar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito.

Neman kiredit biyar ba laifi ba ne. Shekaru da yawa ita ce sharaɗin shiga jami'a a mafi yawan fannoni, kuma ko aikin ɗamara mutum zai nema sai an tambaye shi takardar. A ma'aunin WAEC kiredit na farawa daga C6, wato maki 50 zuwa 54, ya hau har A1 mai maki 75 zuwa sama. D7 da E8 an tsallake da ƙyar amma ba su shiga lissafi, F9 kuwa faɗuwa ce. Bayan wannan ga hukumar JAMB da aka kafa a 1978, da jarrabawarta ta darussa huɗu mai maki 400, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. A 2024 fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba su kai maki 200 ba. A jihohi irin Kano akwai ma wani shinge kafin waɗannan, jarrabawar share fage da ake yi a aji biyar, wadda gwamnati ke dubawa kafin ta biya wa ɗalibi kuɗin jarrabawar fita. Duk wanda ya ce wa ɗan talaka kada ya damu da waɗannan abubuwa ya cuce shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne, wannan buri bai iya aikin buri ba. Amfanin buri ga mutum shi ne ya gaya masa abin da zai yi yau. Yaron da ya shiga aji huɗu yana da shekara uku a gabansa, zango tara, kafin ya zauna jarrabawar. Kiredit biyar ba ta gaya masa ko ya buɗe littafin Lissafi yau bayan Isha'i ko ya tafi gidan kallon ƙwallo. Gobe ma rana ce. Haka zango bakwai ke wucewa, a na takwas hankali ya tashi, a shiga darasin yamma, a shiga haddar tsofaffin takardun jarrabawa, daga nan kuma a fara tambayar wace makaranta ce "ake taimakawa". Idan ka tambayi 'yan ajin me suke so su zama, za ka ji likita, lauya, soja, injiniya. Fata ne nagari, Allah ya cika. Amma yarinyar da ke son aikin likita, ba a taɓa zaunar da ita an gaya mata cewa sai da kiredit a Kimiyyar Halittu da Kemistiri da Fiziks ba, ba a kuma gaya mata cewa ranar da aka raba su ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci aka yanke rabin maganar ba, fata kawai take riƙe da shi.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. Edwin Locke ya fara rubutu a kai a 1968, daga baya shi da Gary Latham suka tattara gwaje-gwaje masu yawa a littafinsu na 1990. Abu ɗaya ya yi ta maimaita kansa: wanda aka ba shi buri takamaimai, mai ɗan wuya amma mai yiwuwa, ya fi aiki a kan wanda aka ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa. Dalilin a fili yake. Iya ƙoƙari ba shi da ma'auni, kowa na iya tsayawa inda ya ga dama ya ce nan ƙoƙarinsa ya ƙare. Sun kuma nuna cewa abin ba ya aiki sai mutum ya karɓi burin a ransa, yana da ƙwarewar da zai fara da ita, kuma ana nuna masa inda ya kai a kai a kai. To ka duba ƙasan katin sakamakon ɗanka, inda malamin aji ke rubuta ra'ayinsa. Mafi yawan lokuta abin da za ka tarar shi ne "a ƙara ƙoƙari".

Gwajin da ya fi kusa da aji shi ne wanda Albert Bandura da Dale Schunk suka yi a Amurka a 1981, da yara 'yan firamare waɗanda lissafin ɗebewa ya gagare su, kuma suka tsane shi. An ba kowa littafin aiki mai shafi 42, da zama bakwai. Wasu aka ce su yi niyyar gama shafi shida a kowane zama. Wasu aka ce su yi niyyar gama littafin duka a ƙarshen zama na bakwai. Wasu ba a sa musu wani buri ba. Aiki ɗaya ne, lokaci ɗaya ne. Amma masu shafi shida su ne suka yi gaba, suka ƙware, suka fara yarda cewa za su iya, har suka riƙa komawa ga lissafin da kansu. Masu burin nesa kuwa ba su bambanta da waɗanda ba a sa musu komai ba.

Wannan ba baƙon labari ba ne ga wanda ya yi makarantar allo. Izu sittin ne a gaban almajiri, amma ba wanda ya taɓa ce wa kotso je ka haddace izu sittin. Ƙari ake yi masa, 'yan layuka daidai ƙarfinsa, a rubuta a allo, ya yi ta maimaitawa, ya zo ya biya a gaban malam, idan ya zauna ya wanke, a ƙara masa. Kullum ya san ko ya motsa ko bai motsa ba. Yara biyu a gindin bishiya ɗaya, kowa da inda allonsa yake, ba wanda aka ja shi gaba don zango ya ƙare. Sauka tana nesa, amma an yanka hanyarta gunduwa-gunduwa. Dorina da bara wata magana ce daban, ba su nake yabo ba. Abin da nake cewa shi ne makarantar boko ta zo da jadawali da ƙararrawa da jarrabawa, ta bar wannan hikimar a baya.

A cikin aji, bambancin yana tsakanin ɗalibin da ya rubuta "zan ci Lissafi bana" da wanda ya rubuta cewa daga yau zuwa Juma'a biyu zai warware tambaya biyar ta aljabara kowace rana bayan La'asar, ya kawo littafin ranar Litinin a duba. Na biyun ya ƙunshi abin da za a yi, da yawansa, da lokacinsa, da wanda zai gani. Peter Gollwitzer ya nuna a 1999 cewa mutumin da ya riga ya yanke wa kansa lokaci da wuri, ya kuma tanadi abin da zai yi idan cikas ya zo, ya fi kusa da cika niyyarsa. A 2011 Angela Duckworth da abokan aikinta suka gwada wannan da 'yan sakandare da ke shirin wata jarrabawa lokacin hutu. An sa wasu su rubuta alherin da suke tsammani idan sun gama littafin gwaji, da abin da zai iya hana su, da abin da za su yi idan ya zo. Waɗannan sun warware tambayoyi fiye da sauran da sama da kashi 60 cikin ɗari. Cikas ɗin namu kuwa kowa ya san su. Wuta ta ɗauke. Yarinya na da girki da wanke-wanke da goyon ƙani. Yaro na da shago ko garejin ubangida, da damina kuma gona. Akwai Islamiyya da yamma, akwai waya da dare. Burin da bai san da waɗannan ba ya mutu tun ranar da aka rubuta shi. Wanda ya ce "idan babu wuta da dare, zan yi bayan Asuba kafin in tafi ɗiban ruwa" shi ne ya san gidansu.

Wa zai tsara burin, malam ko ɗalibi? Idan malam ne kaɗai, umarni ne, kuma yara sun iya bin umarni da baki su bar shi a aji. Idan ɗalibi ne kaɗai, ɗan shekara goma sha biyar bai san abin da zai yiwu a mako biyu ba, ko ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa ko ya zaɓi wanda ya riga ya iya. Dole malam ya auna inda yaro yake tukuna, sannan yaro ya faɗi burin da bakinsa, ya rubuta da hannunsa. A nan ne gaskiya mai ɗaci ke fitowa. Akwai ɗalibai da yawa da ke isa aji huɗu ba su iya karanta sakin layi ɗaya na Turanci su faɗi abin da ya ƙunsa ba, alhali da Turancin za su amsa kusan duk takardunsu. Irin wannan yaro, burinsa na gaskiya a zangon farko shi ne karatu, shafi ɗaya kullum, ya faɗi ma'anarsa da Hausa. Malamin da ya rubuta wa aji duka buri ɗaya a allo, manhaja kawai ya kwafa.

Na san abin da malami zai ce, kuma yana da gaskiya. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma a makarantun gwamnati na manyan biranenmu ninkin haka ba abin mamaki ba ne, wasu ma a ƙasa suke zaune. Ba mai iya zama da yaro tamanin ɗaya bayan ɗaya kowane mako. Abin da zai yiwu shi ne a raba aji rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida, kowa ya ware shafin ƙarshe na littafinsa don burinsa, a ɗauki minti goma ranar Litinin 'yan rukuni su duba na juna, malamin aji kuma ya ɗauki rukuni biyu kowane mako yana zagayawa. Ba ya cin ko kwabo. Lokaci yake ci, kuma lokaci ne abin da ya fi tsada a wurin malamin da albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba, yana sauri a tashi ya hau babur ɗin haya. Duk shugaban makarantar da ke son wannan aiki sai ya sa masa gurbi a jadawali, kada ya ɗora shi a kan kirkin malami.

Sai maganar "na nawa ka zo?", tambayar farko da ake yi wa yaro a gida ranar hutu. Carol Dweck da Carole Ames sun rarrabe tsakanin ɗalibin da burinsa ya iya abu da wanda burinsa a ga ya fi wasu. Na biyun yakan guji abu mai wuya don kada a ga gazawarsa, ba ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, wani lokaci ma yakan ɓoye littafinsa kada abokinsa ya amfana. A ajin mutum tamanin, ɗaya ne zai zo na ɗaya. Wanda ya zo na sittin da uku, lambar ba ta gaya masa komai ba illa cewa shi ba kowa ba ne. Ba na cewa a soke matsayi. Muna son gasa, kuma iyaye ba za su yarda ba. Amma a ƙara layi ɗaya a katin: zangon da ya wuce ka ci 31 a Lissafi, wannan ka ci 44. Yaron nan ya yi tafiyar da ta fi ta wanda ya tashi daga 80 ya koma 78, kuma ya cancanci a kira sunansa a taron safe.

Buri yana da haɗari, kuma masu tallarsa ba su cika faɗa ba. Tun a shekarun 1970 Donald Campbell ya yi gargaɗi cewa duk lambar da aka mai da ita abin yanke hukunci a kan mutane, za a fara murɗe ta, ita kuma ta lalata abin da aka ce tana aunawa. A birnin Atlanta na Amurka an ɗaure ci gaban malamai da shugabannin makarantu da makin ɗalibai. Binciken da aka fitar a 2011 ya gano an yi ta goge amsoshin yara ana gyarawa a makarantu 44, a 2015 kuma kotu ta sami ma'aikatan ilimi 11 da laifi. Mu ba sai mun je Atlanta ba. Tun 1977 fitar takardun jarrabawa ta kai ga kafa kwamitin bincike, dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21, aka sake wata doka a 1999, amma ga cibiyoyin da ake kira mirakul santa nan suna cin kasuwarsu. Idan aka ce kiredit biyar ko ta halin ƙaƙa, halin ƙaƙan ne zai yi nasara. Kuma yaron da ya ga an tara kuɗi don mai sa ido, ya ga malamin da ya koya masa gaskiya yana rubuta amsa a allo, ya ɗauki darasi a kan zama ɗan ƙasa wanda ya fi duk na aji shiga jiki: doka ta wanda bai da abin biya ce.

Ta nan burin karatu ya haɗu da ɗaya burin, wanda aka rubuta da fenti. Gwamnati ba ta manta da shi ba. Tun tsarin ilimi na 1977 ake maganar gina ɗan ƙasa nagari. An sa darasin ilimin zama ɗan ƙasa a manhajar matakin farko a 2007, ya zama dole a babbar sakandare a manhajar 2011, aka fara zana shi a WAEC a 2014. Abin da ke ciki mai kyau ne: haƙƙoƙin ɗan'adam, rassan gwamnati, zaɓe, sashe na 23 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya lissafa ɗabi'un ƙasa irin su ɗa'a da riƙon gaskiya da mutunta aiki da haƙuri da addinin juna, da sashe na 24 da ya faɗi abin da ke wuyan ɗan ƙasa. Sai dai da ya zama darasin jarrabawa, ya bi sahun 'yan'uwansa. Ana haddace shi, ana zubarwa a takarda, kuma ba abin da zai hana ɗalibi ya ci A1 a tambayar riƙon gaskiya da amsar da ya kwafa daga cinyarsa. A katin sakamako akwai wani gefe na halayya, inda ake ba da maki ɗaya zuwa biyar a kan zuwa da wuri da tsafta da ladabi da gaskiya. Duk wanda ya san makaranta ya san yadda ake cika shi: daren ƙarshe na zango, malamin aji da kati tamanin a gabansa, yana zuba uku da huɗu.

Ka kuma lura da abin da ake aunawa. Kusan duka halayen da ke sa aji ya yi shiru ne. Haka ƙasar ma ta saba yi daga sama. Yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 ya koya wa mutane bin layi da bulala, hukumar MAMSER ta zo a 1987, hukumar wayar da kai ta gaje ta a 1993, duk ana gaya wa talaka yadda zai zauna. Anthony Kirk-Greene, a wata laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Makarantunmu sun ɗauki uku daga ciki, haƙuri da kunya da ladabi, sun riƙe gam, domin su ne masu sauƙaƙa wa malami aiki. Amma ba a koyon amana sai an ba ka wani abu ka riƙe. Ba a koyon adalci sai an ba ka ikon da za ka iya yin zalunci da shi, ka ƙi. Yaron da shekara shida ba a taɓa damƙa masa komai ba, ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba, ba mu san ko mai amana ba ne. Mun dai san bai yi surutu ba.

Joel Westheimer da Joseph Kahne, bayan sun bi shirye-shiryen makarantu a Amurka, sun rubuta a 2004 cewa ɗan ƙasa nagari iri uku ne a idon masu koyarwa: mai kiyaye kansa, mai shiga a dama da shi, da mai tambayar dalili. Mu sa shi a makarantarmu. Famfon burtsatse ya lalace. Na farko ba ya ɓarnar ɗan ruwan da ya rage, yana bin layi. Na biyu ya tara 'yan ajinsu sun tsara yadda za a riƙa ɗebowa daga maƙwabta. Na uku ya tambaya: kuɗin gyara da aka karɓa a farkon zango ina suka shiga? Ya rubuta takarda cikin ladabi zuwa ga kwamitin iyaye da malamai. Na farko muna ba shi kyauta, na biyu muna ba shi muƙami, na uku kuwa mukan ce tsaurin ido gare shi. Alhali mutanen da muke alfahari da su a tarihin Arewa irin na ukun ne. Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano a Bauchi suka riƙa zaman tattaunawa tun 1943 suna yi wa hukumar gargajiya da Turawa tambayoyin da ba a saba ji ba. Malam Aminu malamin makaranta ne, ya koyar a Midil ta Bauchi da kwalejin horon malamai ta Maru kafin ya ajiye aiki a 1950 ya shiga siyasar NEPU. Mun sa wa filin jirgin sama da asibitin koyarwa sunansa, amma ɗalibin da ya ɗauko halinsa, sai mu ce ya je ya zo da mahaifinsa.

Saboda haka burin zama ɗan ƙasa, in ana so ya zama buri, sai ya sauko daga katanga ya zama aiki mai lokaci da mai shi, kamar dai na Lissafi. Aji ya zaɓi monita da ƙuri'ar ɓoye, a ƙirga a gaban kowa, wa'adinsa zango ɗaya. Kuɗin tsintsiya da alli da ake tarawa a rubuta su, ma'aji ya karanta lissafi ƙarshen kowane wata, kowa na da ikon tambaya. Dokokin aji a tsara su tare, su hau kan monita kamar yadda suka hau kan kowa. A makarantar kwana, inda ƙaramin ɗalibi ke haƙuri da zaluncin manya yana jiran ranar da zai rama a kan na bayansa, babu burin da ya kai 'yan aji shida su ɗaure wa kansu cewa wannan zango ba ƙaramin da zai ɗebo wa babba ruwa ko ya wanke masa kaya. Wannan ya fi rubuta shafi goma a kan haƙƙin ɗan'adam wuya. Idan aikin gayya za a yi, a yashe kwata kafin ruwan farko. Idan bishiya za a dasa, kowace da mai ita, kuma a ƙirga waɗanda suka rayu a watan Mayu, kada a ƙirga waɗanda aka dasa a Yuli don hoto. A garuruwa irin Kaduna da Jos, inda Musulmi da Kirista ke zama benci ɗaya, a sa ƙa'ida a muhawarar aji cewa ba ka da ikon mai da martani sai ka maimaita hujjar abokin hamayyarka har ya yarda haka ya faɗa. Wanda na fi so duka shi ne kowane ɗan aji biyar ya ɗauki yaro ɗaya daga aji ɗaya, ya zauna da shi rabin awa sau biyu a mako yana koya masa karatu. Ƙaramin ya samu, babban kuma nasa karatun ya ƙara zama, ga shi an ba shi amanar mutum.

A ba irin wannan maki? A ganina a'a. Ranar da aka ce taimakon ƙarami maki biyar ne, ranar za a fara taimako a gaban malam kawai, gargaɗin Campbell ya sake cika. Abin da ya dace shi ne a rubuta abin da ya faru. Takardar shaidar hali da ake ba ɗalibi idan ya gama, yau kusan kowa irin guda ake ba shi, an buga jimlolin tun kafin a san sunansa. Da za ta ce wance ta riƙe kuɗin aji zango uku lissafinta bai taɓa cin karo ba, ko wane ya koya wa yara biyu karatu har suka iya, da ta zama takardar da mai ɗaukar aiki zai karanta.

Kada a ɗauka wasan yara ne. Ɗan aji shida yana bakin shekara 18, shekarun yin rajistar zaɓe. Tun dokar da aka sa wa hannu a 2018, ɗan shekara 25 na iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai, wato shekara bakwai kacal bayan ya ajiye kayan makaranta. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fito ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba. Yaran da ake ɗauka jagaliya lokacin kamfe, a ba su ƙwaya da gora, sa'o'in waɗannan ɗaliban ne, wasu ma su ne.

Akwai wanda ba ya cikin aji amma yana da hannu a kowane buri da aka rubuta a cikinsa, shi ne mai gida. Ba kowane ɗalibi ne zai je jami'a ba, kuma tsarin da ya yi kamar kowa zai je yana yi wa mafi yawa ƙarya. Manhajar 2011 ta sa sana'o'i 34 a babbar sakandare, irin su ɗinki da kiwon kifi da gyaran waya da haɗa wuta, ko da yake a makarantu da yawa a allo aka riƙa koyar da su babu keke babu kayan aiki. Yaron da mahaifinsa ke jiran ya gama ya karɓi shago a kasuwa, burin da zai amfane shi shi ne ya iya riƙe littafin ciniki ya rubuta wasiƙar kasuwanci. Yarinyar da ake maganar aurenta tana aji biyar, burinta na farko wataƙila shi ne a bar ta ta zana jarrabawa, ko a sa sharaɗin ci gaba da karatu tun wurin neman aure, kuma wannan ba a shafin ƙarshe na littafinta za a warware shi ba. Sai malamin aji, ko malama, ko wani dattijo daga kwamitin makaranta ya taka ya je zaure, ya gaisa, ya nuna wa uba abin da 'yarsa ta iya da abin da ya rage mata. Irin wannan zama ya fi amfani a zangon farko na aji huɗu, lokacin da ake zaɓen darussa kuma ba a kai ga sa rana ba. A aji shida sau da yawa an riga an gama magana a gida.